Lens ɗin 50mm f/1.8 STM a kan 700D, bayan na sha aikin dare da shi

Wajen wani kamu ne a cikin gari abin ya kai ni bango. A tsakar gida aka yi ba a hol ba, kuma kamar yadda aka saba an ce ƙarfe huɗu za a fara amma amarya ba ta fito ba sai da aka idar da magariba, fitowarta ke da wuya aka ɗauke wuta, aka tada wani ɗan janareta wanda banda sifikar DJ ƙwai biyu kawai yake iya ja, ɗaya a bakin zaure ɗaya can wajen madafi. Ni kuma ga ni tsaye da kyamarata Canon 700D da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55 ɗin nan da kusan kowa ya fara da shi. Dangin ango suka matso za su fesa turare a buɗe fuskar amarya, wato ainihin hoton da saboda shi aka kira ni, na danna, lens ya tafi gaba zuuu ya dawo baya zuuu, ɗigon nan kore na cikin wurin leƙawa sai ƙiftawa yake, kyamara ta ƙi ɗauka ƙememe. Na sake dannawa, haka dai. Kafin ta yarda ta kama an riga an yaye mayafi an rangaɗa guɗa an wuce wurin. Wata gwaggon amarya da ke gefena ta ce "mai hoto ka dai samu ko?" na ce "na samu Hajiya", alhali wallahi abin da na samu ƙeyar wata ƙawar amarya ce, ita ce ta fito tar har zaren gwaggwaronta kana ƙirgawa, amaryar kuwa kamar ana hango ta cikin hazon hunturu.

Washegari na ɗauki kyamarar na kai wani shago, ba zan kama suna ba. Mutumin ya karɓa ya juya ta ya danna sau biyu a cikin shagonsa mai duhu, ta yi masa irin abin da ta yi min, ya ce "maigida ai fokas ɗinta ne ya mutu, gyaran ma asara ne, kawo ta ka cika kuɗi na ba ka wata". Saura ƙiris na yarda fa. Allah ya taimake ni na ce bari na fara nuna wa ogana da ya koya min aiki. Shi ko ko karɓarta bai yi ba, ya ce fita waje ka ɗauki wancan mai lemon, na fita cikin rana na ɗauka, ɗit ta kama nan take. Ya ce to ina mutuwar? Ya buɗe jakarsa ya ciro wani ɗan ƙaramin lens kamar gwangwanin tumatir ya ce saka wannan ka shiga sito ka gwada. Cikin siton nan ko fitila babu sai hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa, na saita kan wani kwali mai rubutu, ta kama. Ya ce "kyamararka lafiyarta ƙalau, ido ne ka ba ta ƙarami, sannan kai ma ba ka san maɓallanta ba". Maganar ta yi min zafi a lokacin amma duka biyun gaskiya ce.

To shi ne lens ɗin da nake magana a kai, Canon EF 50mm f/1.8 STM. A 2015 ya fito, ya gaji tsohon nan f/1.8 II wanda ke kasuwa tun 1990, kuma a kula don har yanzu duka biyun suna yawo a hannun masu saida tokunbo, wani zai miƙo maka tsohon ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Tsohon gindinsa roba ne, na STM ƙarfe ne. Tsohon ganyen ƙofarsa, wato ƴan faifan da ke tsukewa su buɗe don haske ya shiga, biyar ne, shi ya sa in ka ɗan rufe shi fitilun da ke baya suke fitowa da kusurwa biyar, sabon bakwai ne kuma masu lanƙwasa, fitilun ado na hol suna fitowa kusan a zagaye. Tsohon sai ka ja baya santimita 45 kafin ya kama abu, sabon 35, wanda yana da amfani in kana ɗaukar lalle a hannu ko zobe. Bakin filta 49mm ne a sabon, 52 a tsohon. Nauyinsa wajen giram 160 ne kacal, in ka saka shi a aljihun kaftani sai ka manta yana ciki. Lokacin da ya fito wajen dala 125 ake sai da shi, a nairarmu kuwa kuɗinsa yana bin dala ne, kullum da nasa farashin, amma dai har gobe yana cikin mafi arahar lens ɗin da kamfanin ke yi.

Abin da ban sani ba a da, kuma na lura yara da yawa da suka shigo harkar nan ba su sani ba, shi ne kyamara irin wannan ba da lambar f ɗin da ka saita take neman fokas ba. Lambar f ita ce ke nuna girman buɗin ƙofar lens, lamba ƙarama ƙofa babba. Ko ka saka f/8, lens ɗin a wangale yake tsayawa har sai lokacin da ka ƙarasa dannawa sannan ya tsuke ya ɗauka ya sake buɗewa. Ma'ana hasken da na'urar fokas ke samu ya dogara ne da iyakar buɗin lens ɗin. Shi 18-55 a 18mm yana buɗewa zuwa f/3.5, amma da ka zuƙo zuwa 55mm, wanda kuma nan ne muke zuwa in za mu ɗauki fuska, sai ya koma f/5.6. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 mataki uku ne da ɗan ɗoriya, kowane mataki kuma yana ninka haske sau biyu, in ka lissafa kusan ninki goma na haske ke nan. Ninki goma fa. Wato a daren kamun nan ni da hannuna na zuƙo na rage wa kyamarar haske a daidai lokacin da ta fi buƙatarsa, sannan na tsaya ina zaginta a zuci.

Akwai kuma wani ƙarin alheri da 700D ke yi wa lens mai faɗin ƙofa. Ɗigon fokas tara gare ta kuma duka taran masu gicciye ne, wato suna ganin layin tsaye da na kwance, saɓanin 600D, wata tsohuwar ƴar'uwarta, da na tsakiya kaɗai ke da wannan. Amma na tsakiyar a 700D yana da wani ƙarin ido mai kaifi wanda ba ya farkawa sai an saka lens mai f/2.8 ko wanda ya fi haka buɗewa. Da 18-55 har abada ba za ka taɓa amfana da shi ba. Da 50mm ɗin nan kuwa yana aiki, kuma ana jin bambancin a hannu, musamman a ɗigon tsakiya.

Maganar ISO, wato lambar da kake ɗagawa don hoto ya ƙara haske a cikin duhu, ita ce ta fi ɗaukar min lokaci kafin na gane, don an tsorata mu da ita tun muna koyo. Kowa ce maka yake kar ka wuce 400, kar ka wuce 800, hoto zai yi yashi-yashi. Sai na zama ina maƙale wa 400 cikin dare, kyamara kuma ta rasa yadda za ta yi sai ta ja shota, wato lokacin da take buɗewa haske ya shiga, ta koma 1/15 ko 1/8 na daƙiƙa, mutum ya ɗan juya kai shikenan ya zama aljani mai fuska biyu. Ko kuma na ƙi barin shota ta sauka, hoto ya fito baƙi ƙirin, na je kwamfuta na ja haske sama da ƙarfin tsiya, to a nan ne fa yashin gaske yake fitowa, har da wasu ɗige-ɗige ja da kore a cikin inuwa, kuma mu da yawancin waɗanda muke ɗauka baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, a fatar fuska abin yake sauka, kumatu da ƙasan haɓa su dame. Na gwada da kaina a ɗaki, hoto ɗaya a ISO 400 mai duhu da na ɗaga a editin, ɗaya a ISO 1600 da ya sha haskensa daidai tun daga kyamara, na 1600 ɗin ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Tun daga ranar na daina tsoron lambar.

A 700D ISO daga 100 yake zuwa 12800, ana iya buɗe shi ya kai 25600, kuma ninki-ninki yake tafiya, 400, 800, 1600, 3200, babu ƴan tsakiya in da hannu kake saitawa. A idona 1600 lafiya lau ne ko bugawa za a yi a saka a firem, 3200 yana shiga in hasken ya zauna daidai kuma dama yawancin hotunan nan a waya za su ƙare, a status da Instagram, wa zai tsaya ƙirga yashi. 6400 sai dole, sai in abin da ke faruwa ba zai maimaitu ba. 12800 zuwa sama kuwa na bar wa masu ƙarfin hali. To ga inda lens ɗin ya biya kuɗinsa: wurin da 18-55 zai tilasta min 6400 a f/5.6, da wannan a f/2 ina ɗauka a 800 da gudun shota iri ɗaya. Lissafi ne kawai, mataki uku ka samu a ƙofa sai ka rage mataki uku a ISO. Ko kuma, wanda shi na fi yi, na tsaya a 1600 na ƙara gudun shota don masu rawa.

Wani kuskure da na daɗe ina yi, na ɗauka in na ɗaga ISO kyamara za ta fi ganin inda za ta kama fokas. Ko kusa. In ta wurin leƙawa kake ɗauka, na'urar fokas daban take a ƙasan madubi, babu ruwanta da ISO ɗinka, ko 100 ka saka ko 12800 abin da take gani ɗaya ne. Haske take so da kuma bambancin launi. Shi ya sa in ka ɗora ɗigon a ƙirjin ango da ya sha farar shadda sumul, ko a baƙar abaya, za ta yi ta kai-komo ko da akwai ɗan haske, don babu layin da za ta riƙe. Matsar da ɗigon kan aikin wuyan rigar, ko bakin hula inda zanen ya haɗu da goshi, ko idon amarya inda kwalli ya haɗu da fari, sai ka ji ɗit. Ni yanzu idona ya saba, ina shiga wuri abin da nake nema ke nan, ina ne baƙi ya haɗu da fari a daidai nisan fuskar.

Sai maɓallan da ogana ya ce ban sani ba. Na farko, na bar kyamara tana zaɓar ɗigo da kanta cikin taran, ita kuma ɗabi'arta ta kama abin da ya fi kusa, shi ya sa ƙeyar ƙawar amarya ta ci hoton. Yanzu da dare ɗigon tsakiya kawai nake bari. Na biyu shi ne bambancin One Shot da AI Servo, wato salon neman fokas guda biyu. A One Shot in ba ta kama ba ba za ta bari ka ɗauka ba sam, shi ne ƙin ɗaukar da ta yi min ranar, ba lalacewa ba ce, haka aka gina ta. A AI Servo kuwa za ta ɗauka ko ta kama ko ba ta kama ba, kuma tana bin mai motsi, amma fa a nan fitilar taimakon fokas ba ta kunnuwa kwata-kwata. Wannan ya taɓa ruɗa ni sosai, na sayi filash na ɗorawa mai jan hasken nan da yake zana layuka a jikin mutum don kyamara ta samu abin kamawa, na je dina ya ƙi fitowa, na yi ta bubbuga shi ina cewa an sayar min da jabu, ashe a AI Servo na bar kyamarar tun ɗaurin aure da safe. Na mayar One Shot, jan hasken ya fito. AI Focus kuma da ke tsakaninsu ban taɓa jin daɗinsa ba, ni dai na fi so na san a ina nake.

In ba ka da filash na waje, ƙaramin na kanta shi ke yin aikin taimakon, sai ka ɗaga shi, ya riƙa walƙiya far-far-far kafin ɗauka, kuma bai wuce kamar mita huɗu ba. Yana aiki, amma gaskiya a cikin mata yana da ban haushi, kowa ya runtse ido, wasu su ɗauka an riga an ɗauka su watse. Za ka iya shiga menu ka hana filash ɗin tashi lokacin ɗauka amma ya ci gaba da taimakon fokas. Ni dabarar da ta fi min sauƙi tocilar waya ce, yaron da ke riƙe min jaka ya tsaya gefe ya haska fuskar daga ɗan nesa, ba cikin ido ba, na kama fokas, in ina so ya kashe in ina so ya bari ta zama hasken gefe. Da 50mm ɗin nan sau da yawa ma ba na buƙatar ko ɗaya, ƙwan janareta ɗaya ya ishe shi.

Akwai tarko biyu da ke haɗa filash da ISO waɗanda ya kamata mai irin wannan kyamara ya sani. In ka bar ISO a Auto ka kunna filash, yawanci 400 take tsayawa, sai mutum ya fito fes amma bayansa duhu kamar a rami aka ɗauke shi, duk adon hol ɗin da aka kashe wa kuɗi ya ɓace. Ni da hannu nake kai shi 800 ko 1600 don bayan ya shigo. Na biyu, a Av, inda kai kake zaɓar lambar f kyamara ta zaɓi shota, in ka kunna filash cikin duhu kyamara tana jan shota ta yi ƙasa sosai don ta haska bayan, sai ka ga mutum da inuwarsa tana bin sa. A menu na filash akwai inda za ka ce mata kar ta sauka ƙasa da 1/60, ko ta tsaya a 1/200 wanda shi ne iyakar gudun da take tafiya da filash. Ni dai na koma M, inda komai da hannu ake saitawa, gaba ɗaya da dare na huta, 1/125, f/2.2 ko f/2.8, ISO 1600, daga nan nake fara lalube.

To kar na yi ta yabo kamar dillali, lens ɗin yana da nasa halin kuma wanda zai saya gara ya sani. Babban abu, f/1.8 wuƙa ce mai baki biyu. A kan 700D in mutum yana mita biyu daga gare ka, abin da zai fito tar bai fi santimita 11 ba daga gaba zuwa baya, ko tsawon tafin hannu bai kai ba. Amarya da ango in ɗaya ya ɗan gota ɗaya, to ɗaya ya tafi. Satin farko da na saya komai a 1.8 nake ɗauka don daɗin bayan nan da ke narkewa, na ɗauki ƙawaye su shida sun yi anko sun tsaya kamar baka, biyun tsakiya suka fito sauran huɗun sai addu'a. Yanzu 1.8 na mutum ɗaya ne kawai, kuma ko shi na fi son f/2 ko f/2.2 don a wangale gaba ɗaya hoton yana da ɗan laushi kuma gefen abubuwa masu ƙyalli, irin duwatsun leshi da sarƙa, yana yin wani shunayya-shunayya. Daga f/2.8 zuwa f/4 kuwa kaifinsa har mamaki yake ba ni a kuɗinsa. Mutum biyu f/2.8, rukuni f/4 ko f/5.6 da filash, babu wata dabara da ta wuce haka.

Kuma dabarar nan ta kama fokas da ɗigon tsakiya sannan ka karkata kyamara ka gyara tsayuwar hoton, a f/1.8 kusa-kusa tana iya zamar da fokas daga ido ya koma kunne, don haka in na matso sosai gara na rufe kaɗan ko na ɗauka a tsakiya na yanke daga baya, megafiksel 18 ya isa a yanka. A tuna kuma 700D ba ta da wurin da ake gyara saɓanin fokas tsakanin lens da kyamara irin na manyan yayyenta, don haka ranar saye ka je da taka kyamarar ka gwada a kanta, ka jera batura uku ko kwalaye a karkace ka kama na tsakiya a 1.8 ka zuƙo a sikirin ka ga ko shi ne ya fito.

Abu na biyu, a kan kyamara mai ƙaramar sensa irin wannan ana ninka tsawon da 1.6, wato 50mm yana zama kamar 80mm. A hol ko tsakar gida mai faɗi daɗi ne, kana tsaye nesa kana ɗauko fuskoki ba tare da ka shiga cikin mata ba, wanda ni a wurina wannan ma riba ce don wasu gidajen ba sa son namiji yana kutsawa. Amma ɗakin amarya? Ranar wata buɗar kai na manne da bango har na hau kan akwati ina neman gado da amarya su shiga tare, suka ƙi. Dole 18-55 ya dawo da filash a sama. Kenan ba lens ne da zai kori na farkon daga jaka ba, abokin tafiyarsa ne. Wanda aikinsa ya fi yawa a ƙananan ɗakuna ya duba EF-S 24mm f/2.8 STM, ɗan falalen nan, bai kai wannan shan haske ba amma yana ɗaukar wuri.

Na uku, ba shi da IS, wato abin rage girgizar hannu, alhali 18-55 da yawa suna da shi. Ni ba na sauka ƙasa da 1/100 da shi in a hannu nake, kuma dama IS girgizar hannunka yake gyarawa ba motsin mutane ba, wajen liƙi da rawa in ba ka kai 1/200 ko 1/250 ba hannayen nan da kuɗin da ake watsawa duk jirwaye za su zama. Sai zoben fokas na hannu, na lantarki ne, in kyamara ta yi barci ko ka murɗa ba abin da zai motsa sai ka ɗan taɓa maɓallin ɗauka. Hular kare haske ma ba ta zuwa a kwalin, daban ake saye, ES-68 sunanta, kuma tana da amfani don fitilun DJ in suka bugi gilashin daga gefe hoto yana yin fari-fari. Hancinsa kuma yana fitowa waje in ya kama abu na kusa, na saba mayar da shi ciki kafin na kashe na jefa jaka. Motar STM ɗin, wato injin da ke motsa fokas, ba shiru take gaba ɗaya ba, tana ɗan zzz, a bidiyo in da makirfon kyamara kake ɗauka a wuri shiru za ka ji ta, amma a gidan biki wa zai ji.

Fitilun hol ɗin nan masu launi su kam babu lens ɗin da zai raba ka da su. In aka sake shuɗi ko shunayya zalla a kan mumbari, fokas yana wahala kuma fata tana komawa wani iri, ga kwalliyar da aka biya kuɗi mai yawa ta zama toka-toka. Abin da nake yi tun kafin a fara na sami mai fitilun na ce "oga don Allah in ango da amarya za su shigo, da lokacin yanka kek, ka ba ni fari ko ruwan ɗorawa", yawanci suna yi in ka yi musu magana da mutunci. Kuma RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, nake ɗauka da dare ko da zai cinye memori, don gyaran launi da rage yashi a RAW ya fi JPEG sauƙi nesa. Manhajar Digital Photo Professional kyauta ce ga mai Canon kuma tana rage yashi ba laifi, Lightroom kuma tun 2023 suka saka Denoise mai aiki da AI wanda ke wanke hoton 6400 har ka yi mamaki, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi, tawa in na ba ta hoto ɗaya sai na je na sha shayi na dawo. Amma duk wankinsa yashi yake cirewa, hoton da fokas ya kuskure ko motsi ya ja shi ba ya dawowa, na gwada a kan hoton kamun nan har sau uku.

In duhun ya kai inda komai ya gagara kuma abin ba ya motsi, kamar kayan lefe ko adon mumbari kafin mutane su shigo, ina ɗora ta a kan tirayfod na kunna sikirin na zuƙo sau 10 na murɗa da hannu, ISO 100 ko 200, shota ta yi duk daɗewar da take so. Fokas na sikirin da kansa a 700D cikin duhu yana da nawa, ba na dogara da shi ga mutane.

Akwai wasu 50mm na China masu kama da shi sak a ido da ake sayarwa ƙasa da kuɗinsa, wani abokin aikina yana da ɗaya, da rana hotonsu ba laifi, amma da muka jera su a tsakar gida bayan isha nawa ya riga nasa kamawa kusan kowane karo, nasa sai ya je ya dawo tukuna. Tunda saboda dare ake sayen, ni ban ga ribar ragin ba. In tokunbo za ka saya, cire murfi biyun ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba, ƙura ƴar kaɗan ba komai ba ce mu da muke cikin ƙura, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashi to fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Ka saka f/8 ka danna maɓallin duba zurfi, wanda ke tsuke ƙofar ba tare da an ɗauka ba, ka ga ganyen suna rufewa suna buɗewa da sauri ba sa liƙewa. Kuma in kana da niyyar komawa kyamara marar madubi nan gaba, irin su R50 ko R10, lens ɗin ba zai zama asara ba, da adaftar EF-EOS R yana hawa ya yi aiki.

Gidan da aka yi kamun nan sun sake kirana bikin ƙanwar amaryar, ban san ko mantawa suka yi ko haƙuri ba. Tsakar gidan dai ita ce, janaretan ma ina jin shi ne. Na tsaya wajen mita uku daga tabarmar, ɗigon tsakiya, One Shot, f/2.2, 1/160, ISO 1600, na kama bakin mayafin inda zaren gwal ya haɗu da jan yadi na riƙe rabin dannawa ina jira, ana ɗagawa na sake kamawa a ido na sauke guda huɗu a jere. Uku sun fito, ɗaya hannun mai fesa turare ya tare. Gwaggon nan tana nan a kujerarta, ta ce "mai hoto wannan karon dai a nuna min kafin ka tafi", na juya mata sikirin ɗin, ta kalla ta kalla ta ce to ita kuma nata hoton fa, tun ɗazu take zaune ba wanda ya ɗauke ta.